Mai Riƙon Tebur

Kwana goma sha ɗaya ke nan Saniah ba ta ci abin kirki ba. Ruwa take kurɓa, wani lokacin rabin kofin shayi, shi ma sai an sha lallashi. Likita ya gaya wa mijinta Kasmani da 'yarsu Norlela gaskiya ba ɓoye-ɓoye: idan aka kai Litinin ba ta fara ci ba, za a zura mata robar abinci ta hanci. Kasmani ya ga lokacin da aka yi wa surukarsa haka, har da ɗaure mata hannuwa don kada ta fizge, kuma tun ranar ya yi wa Saniah alkawarin muddin yana numfashi ba za a yi mata ba. Ita ta manta da alkawarin, kamar yadda ta manta sunan titinsu da na jikokinta. Shi kam yana nan daram a ransa.

Ba wai ba a gwada ba. Norlela ta dafa, maƙwabta sun aiko, Kasmani da kansa ya hau bas ya sayo mata mi rebus a wajen Bedah mai abinci, taliyar nan mai miyar dankali mai kauri da take mutuwar so. Ta dubi ƙunshin, ta ture shi a hankali, ta ce sai an jima.

Ranar Asabar ya ce a kai ta can, rumfar masu abinci ta unguwar Bedok inda Bedah take sayarwa, ta ci a wurin. Norlela ta kawo maganar zafi da cunkoso da wahalar keken guragu. Ya bar ta ta gama, sannan ya ɗauko wa Saniah mayafinta.

Shekara arba'in suna zuwa rumfar nan duk Asabar, kuma aikin a rabe yake: shi bin layi, ita riƙon tebur. Mutanen Singafo dai fakitin tishu suke ajiyewa a kan tebur su yi tafiyarsu, kuma ko ƙaton da ya fi kowa jin yunwa ba zai taɓa wurin ba. Mutum ya raina tsohuwa, amma ba ya raina tishu. Saniah ba ta taɓa yarda da wannan ba. Cewa take yi tebur ɗin maigidanta ya fi ƙarfin takardar share hanci. Zama take yi da kanta, ta ɗora jakarta a kujerarsa, duk wanda ya matso ta sallame shi da murmushin da ba a yi masa gardama.

Sun isa ana tsakiyar cin rana. Fankoki na juya iska mai zafi, ƙarar kasko ta cika wuri, ƙamshin soyayyar albasa ya haɗu da na gawayin masu tsire. Da ƙyar suka sami tebur kusa da ginshiƙi. Kasmani ya yunƙura zai nufi layi, Norlela ta danne masa kafaɗa.

"Baba, da waɗannan gwiwoyin? Zauna don Allah, kada in koma gida da majinyata biyu."

Ya zauna kusa da matarsa. Ita ko kallonsa ba ta yi ba, idonta na can wajen layin Bedah. Sai da aka yi kusan rabin awa Norlela ta dawo da kwano, an ƙara mata ƙwai kyauta saboda Bedah ta gane ta.

Fuskar Saniah ta washe. Ta ɗauki ɓarin lemon tsami ta matse, ta tsince koren barkono ɗaya bayan ɗaya ta jera a gefen kwano, ta juya taliyar da cokali yadda ta saba. Hannun bai manta komai ba. Kasmani ya fara hamdala a ransa. Sai ta ajiye cokalin, ta naɗe hannu.

"Ci mana, Mama," in ji Norlela.

"Haba 'yan mata, in ci shi bai zo ba? Yana kan layi." Ta juyo wajen Kasmani da ladabi. "Malam, ka yi haƙuri, kujerar nan da mai ita. In ya zo sai ka tashi."

Nan ne Kasmani ya gane abin da ya shige musu duhu kwana goma sha ɗaya. Matar nan ba ƙin abinci take yi ba, tebur take riƙewa. Tun da aka ɗaura musu aure ba ta taɓa kai loma baki ba sai ya ajiye tire ya zauna, kuma a can inda hankalinta ya tafi har yanzu bai dawo daga layi ba. Tausayinta ya kama shi, amma farin ciki ya fi yawa, don wannan matsala ce da yake da maganinta. Ya dafa tebur ya miƙe.

Norlela ta ba shi shawara ya ɗauki kwanon nan, ya zaga bayan ginshiƙi ya dawo, ai duk ɗaya ne. Ya ce ba ɗaya ba ne. Uwarta ido take zubawa a layi, dole ta gan shi a ciki, ta ga fitowarsa.

Mutum ashirin da wani abu ne a gabansa, rabinsu matasa masu latsa waya waɗanda layin kawai suka gani suka bi, don a garin nan dogon layi shi ne shaidar daɗi. Bedah ta hango shi ta cikin tururi, ta ɗaga ludayi.

"Kasmani! Ashe kana raye? Matso gaba, tsoho, kafin ka faɗi ka kore mini masu saye."

Ya ce mata ita ma ai ba yarinya ba ce, ta ji da tukunyarta. Bai matsa ba. Bai taɓa tsallake layi ba a rayuwarsa, kuma ba zai fara a gaban Saniah ba. Gwiwoyin suna ci masa wuta, gumi ya jiƙa masa riga, lokaci-lokaci yana waiwayawa ya ɗaga mata hannu. Sau ɗaya ya ga kamar ta gyaɗa kai.

Da ya iso gaba, Bedah ta zuba kwano biyu kamar kullum, ɗaya da ƙarin albasa. Ta tambayi jikin Saniah da murya ƙasa-ƙasa. Ya ce da sauƙi, yau za ta ci.

Ya ɗauko tiren da hannu biyu, yana jan ƙafa a tsakanin tebura, bayansa a ranƙwafe, miya tana ɗan zuba a gefe. Saniah tana kallonsa tun daga nesa. Da ya iso ta yi masa murmushi mai taushi, ta miƙa hannu, shi kuma ya buɗe baki zai ce mata ga shi ya dawo.

Kwanon da ya huce ta ɗauka, ta ɗora masa a kan tiren.

A rumfunan garin nan, tsohon da ke yawo a ranƙwafe da tire a tsakanin tebura aikinsa ɗaya ne, kwashe kwanuka. Abin da ta gani ke nan.

"Sannu da aiki, Kawu. Tafi da wannan, ya huce," in ji ta. "Kai ma da shekarunka, Allah Ya sa 'ya'yanka su hutar da kai."

Norlela ta toshe baki da mayafi, ta juya baya.

"In ka bi ta wajen Bedah," Saniah ta ci gaba, "za ka ga wani dogo mai baƙin gashi, da rigar direban bas. Ka ce masa ya yi sauri, wallahi yunwa nake ji."

Kasmani ya tsaya da kwano uku a hannu. Layi zai iya bi sau goma in ana so, amma wannan dogon mai baƙin gashi, wato shi kansa a ƙuruciyarsa, ba shi da inda zai samo mata shi.

"To, Hajiya," ya ce. "Zan gaya masa."

Ya kai tiren inda ake ajiye kwanuka, ya dafa ƙarfen wurin ya daɗe a tsaye. Da Norlela ta biyo shi, bai iya kallon idonta ba. Ya ce ta kira likita ta ce masa sun amince, amma ta roƙe shi kada a ɗaure mata hannuwa, shi zai zauna ya riƙe su.