Kwanar Bishiyar da Aka Sare

"Yallaɓai, dama ko hagu?" in ji direban babbar motar.

Mai Gwaji ya leƙa ta taga, ya dubi dama, ya dubi hagu. Matarsa na zaune tsakaninsu da jaririya a cinya. A bayan motar kuwa duk abin da suka mallaka ne a ɗaure: gado, katifu, kujeru, keken ɗinkinta, da kwanukan da ta naɗe a tsofaffin zannuwa. Tamfol ɗin da aka rufa musu ya yage tun a hanya, ga hadari ya fara haɗuwa daga gabas.

"Dama," ya ce. "A'a, tsaya. Hagu."

Makonni kaɗan ke nan da ya zo birnin. An ɗauke shi aiki a matatar ruwa, inda yake gwada tsabtar ruwan kafin a sake shi cikin bututu, shi ya sa abokan aiki suka laƙaba masa Mai Gwaji. Ya kama hayar gida a wata sabuwar unguwa, kuma yau, ranar hutu, ya hau tasi ya je bakin gari ya tarbi iyalinsa. Sai da suka juyo ya gane cewa bai taɓa kai kansa gida ba. Kullum motar ma'aikata ce ke ɗaukarsa ta dawo da shi, kansa a sunkuye cikin waya. In ya ga tarin tayoyin mai faci, ya san an zo kwanarsu, ya sauka, ya taka zuwa koriyar ƙofa mai tsatsa. Iyakar saninsa da garin ke nan. To yau ranar hutu ce, mai faci ya kwashe tayoyinsa ya tafi wajen iyalinsa shi ma.

"Baban Baby," in ji matar a hankali, "wannan shagon mai shuɗin labule, kamar mun wuce shi ɗazu."

"Shaguna masu shuɗin labule ai yawa gare su."

"Har da akuyar da ke kwance a ƙofar?"

Direban ya yi dariya har da dukan sitiyari. Dattijo ne mai furfura a gemu, tun asuba yake tuƙi, dariyar kuma ba ta daɗe a fuskarsa ba.

"Ɗana, ka faɗa mini gaskiya. Akwai gidan nan kuwa, ko dai a ƙarƙashin gada kake kwana? Ni fa akwai wasu kayan da ke jirana kafin rana ta faɗi. In ruwan nan ya sauko ba mu isa ba, wallahi bakin titi zan sauke muku, in yi gaba."

Mai Gwaji ya zaro waya ya buɗe taswira. Ɗigon da ke nuna inda suke yana zaune a tsakiyar wani farin fili, ba titi ba gida, kamar a gona suke. Unguwa guda, mai dubban mutane, taswira ba ta san da zamanta ba. Ya kira dillalin da ya samo masa gidan.

"Ranka ya daɗe, ni ne wanda ka ba gida mai koriyar ƙofa. Don Allah mene ne sunan layinmu?"

"Suna? Layi yaro ne da za a raɗa masa suna? Kuna ina yanzu?"

"Ban sani ba."

"To ai da sauƙi. Ka nemi tsohuwar tasha. Daga nan ka miƙe sai gidan man da ya ƙone, ka karya kwanar bishiya, ka tambayi gidan mai agwagi. Kowa ya sani."

Kowa ya sani! Kalmar da ta kwantar da birnin nan ke nan, ta rufa masa bargo. Gari mai fitilun kan titi da gine-gine masu hawa-hawa, amma a rasa mutum ɗaya da zai ɗauki guntun allo ya rubuta sunan layi ya kafa. Motar asibiti ta zo, kowa ya sani. Motar kashe gobara ta zo, kowa ya sani. Baƙo kuwa ya je ya ji da kansa.

Suka tsaya wajen wani mai wankin mota. Mai Gwaji ya sauka ya yi sallama, ya tambaye shi tsohuwar tasha.

"Tsohuwar tasha? Wacce daga ciki? Ta farko ko wadda aka tasa daga baya?"

"Akwai bambanci ne?"

"Sosai ma. Ta farko yanzu makaranta ce. Ta biyun kuma kasuwar katako. Amma in ka ce kasuwar katako za a kai ka tsohuwar kasuwar katako, can bayan gari."

Suka zaɓi makarantar, don ta fi kusa. Daga nan suka miƙe, idon Mai Gwaji na neman baƙin gini da ƙonannun ƙarafa. Babu. Wata mata mai ɗauke da kwandon wanki ta nuna musu wani kantin magani fes, mai gilasai yana ƙyalli.

"Ga shi nan a gabanku, gidan man da ya ƙone."

"Mama, wannan ai kantin magani ne."

"Eh mana. Ai ya daɗe da ƙonewa, tun ina budurwa."

"To kwanar bishiya fa?"

"Gaba kaɗan. Inda ba ka ga bishiya ba."

"Ban gane ba."

"An sare ta da za a ja wayar lantarki. Kai baƙo ne ko?"

Ya koma motar kansa a ɗaure. An ce matambayi ba ya ɓata, amma wanda ya yi wannan maganar bai taɓa tambaya a garin nan ba. Mutanen nan suna tafe a wani birni da aka rushe tuntuni, su kaɗai ke ganinsa, shi kuma yana tafe a wanda ke tsaye, ga shi su duka a kan titi ɗaya. Kwanoni huɗu ne a gabansu, kuma babu bishiya a ko ɗaya.

Iska ta taso, ta fara kaɗa yagaggen tamfol. Jaririyar ta farka ta tsala kuka. Matar ta juya ta leƙa ta ƙaramar tagar baya, tana duban katifunta.

"Ka kira wani maƙwabcinku mana ya fito bakin titi," ta ce.

Ya dubi wayar, ya mayar da ita aljihu.

"Ba ka da lambar kowa?"

"Aiki ya yi mini yawa."

"Ko sunan mutum ɗaya?"

"Akwai wani mai tari da safe, ta bayan katanga."

"Ma sha Allah," in ji direban. "Sai mu bi gida-gida muna cewa kowa ya yi tari."

Suka shiga kwanar farko, ta kai su wani rami da aka haƙa aka manta. Suka ja da baya da ƙyar. Suka shiga ta biyu. Gidajen duk uwa ɗaya uba ɗaya: katanga ɗaya, taga ɗaya, tankin ruwa baƙi a kan kowane rufi. Mai Gwaji ya gyara zama, don layin ya yi masa kama da nasu. Ya bi ƙofofin da ido ɗaya bayan ɗaya. Baƙa, shuɗiya, baƙa, ja, ruwan toka. Babu koriya. Suka kai ƙarshe suka juyo, ya sake dubawa. Babu.

Ɗigon ruwa na farko ya faɗo a kan gilashi. Direban ya taka birki a gaban jar ƙofar, ya kashe mota.

"Nan na tsaya. Haƙurina ya ƙare. Uwar ɗaki, ki yafe mini, ba laifinki ba ne."

Ya sauka ya fara kwance igiya. Mai Gwaji ya bi shi yana roƙo, gumi na karyo masa duk da sanyin iskar. Da ya ga roƙon ba ya ci, sai ya nufi wani mutum da ke tsugune a gindin katanga yana wanke buroshin fenti.

"Bawan Allah, don girman Allah, ina ne gidan mai agwagi?"

Mutumin ya ɗago, ya nuna bayansa da buroshin. "Ga shi."

"A'a, wanda nake nema ƙofarsa koriya ce, duk ta yi tsatsa."

"Da safe koriya ce. Dillali ne ya turo ni. Ya ce sabon ɗan hayan ya hana shi sakat, kullum waya, ƙofa ta yi tsatsa, ƙofa ta yi tsatsa, wai a gyara kafin matarsa ta zo. Jan fenti kawai na samu. Ka san shi ne? An ce mutum ne mai tsiyar mita."

Mai Gwaji ya tsaya tsuru-tsuru. Ya laluba aljihu ya zaro mukulli, ya zura a kwaɗon jar ƙofar cikin ɗari-ɗari, kamar mai shirin shiga gidan wani. Kwaɗon ya buɗe. Tafin hannunsa ya yi ja wur.

"Tsuntsun da ya ja ruwa," in ji matar daga cikin mota, ba ta ƙarasa ba, dariya ta ci ƙarfinta.

Ruwan ya fara sauka da gaske. Direban ya yi kururuwa a zo a kama, sai ga ƙofofin layin suna buɗewa. Maza suka fito da gudu, wani da leda a ka, wani ba takalmi, suka hau sauke kaya ba tare da sun tambayi na wane ne ba. Wata mata ta karɓi jaririyar ta ja uwar suka shige ciki. Aka shigar da keken ɗinki, aka shigar da katifu, ɗaya ta jiƙe a gefe amma za ta bushe. Wani dattijo mai siririn wuya ya ɗauki ƙafar gado, ya yi tari, Mai Gwaji ya juyo da sauri ya gaishe shi kamar tsohon aboki.

Da aka gama, direban ya tafi yana ta yi wa sabon maigidan addu'ar shiriya. Mai Gwaji ya tsaya a ƙarƙashin rumfar ƙofa, jikinsa na ɗigar ruwa, zuciyarsa na tafasa.

"Baba, ina agwagin?" ya tambayi mai tarin.

"Waɗanne? Oho. Ai ba a taɓa kiwon su a gidan ba. Kafin a gina shi ne wani ke kawo su wanka a nan, lokacin kududdufi ne."

Mai Gwaji ya karɓi buroshin daga hannun mai fenti.

"Wannan abin ya isa haka. Yau gidan nan zai samu lamba. Lamba nawa ne?"

Mutanen suka dubi juna. Ba wanda ya sani. Ya tsoma buroshin a fenti, ya zana ƙaton ɗaya a jikin katanga, fentin yana zirara.

Mai tarin ya matso, ya karkata kai ya duba.

"Ɗana, ɗaya fa ka rubuta."

"Eh, daga nan za a fara."

"To ni da na riga kowa zuwa layin nan, ni ne na nawa?"

"Ai in daga bakin titi za a ƙirgo, gidana ne na ɗaya," in ji wani daga baya.

"Wane bakin titin? Na sama ko na ƙasa?"

Muryoyi suka tashi, kowa na nuna ƙofarsa. Mai Gwaji ya tsaya a tsakiyarsu da buroshi a hannu, yana duban wannan yana duban wancan. Daga cikin gida matarsa ta ƙwala masa kira, tana tambaya ta ina ake kunna fitilar kicin.