Sa Hannun Malam Sabo

A daminar da maganin feshi ya ƙona dawar gonaki sama da arba'in a ƙauyukan Makoɗa, sunan mutum ɗaya ne a bakin kowa: Malam Sabo, malamin gona. An ce shi ya sa hannu a kwamfuta aka fito da lalatattun jarkoki daga sito. Ga shi ba ya nan balle ya kare kansa, don zazzaɓi ya kwantar da shi farkon damina, bai tashi ba. Kowa ya ɗauka kafin ya kwanta ya yi wannan aika-aika.

Zubair shi ke kula da na'urorin ƙungiyar da ke raba maganin, a ofishinta na Kano. Shi ya tsara yadda ma'aikata ke shiga shafinta. Babu lambar sirri. Kowa an saka masa satifiket a kwamfutarsa, shaidar da ido ba ya gani, kwafinta kuma yana cikin babban kundi a Kano. In biyun suka yi daidai, sai shafi ya buɗe da sunan mai shaidar. Wanda ya bar aiki ko ya rasu, Zubair ne zai goge shi daga kundin a ranar.

Da ya duba bayanan shiga, sai idonsa ya faɗa kan kwanan watan. Ranar sha ɗaya ga Yuli aka sa hannun. Malam Sabo kuwa ranar biyu ga wata aka kai shi makwanci, har da Zubair a jana'izar. Da ya dawo ya ce gobe zai goge sunan, bai goge ba. Kwamfutar marigayin tana nan a teburin sito, inda mutum biyar ke da makulli.

Kwana uku yana jujjuya abin a ransa. A rana ta huɗu ya hau mota, daga Makoɗa ya hau babur zuwa ƙauyen marigayin. Gefen hanya duk kara ne ya yi ja, ganye ya kanannaɗe.

Hure, matar marigayin, tana takaba. Ta zauna a bakin zaure daga ciki, shi yana tsugune a waje.

"Ko gaisuwa an daina shigo mana," in ji ta. "Yarana sun daina zuwa rijiya da safe."

"Inna, ba Malam ba ne. Yana kabari aka sa hannun. Ni ne ban rufe ƙofarsa ba."

Ta ce, "To wane ne?"

"Ban sani ba. Na'urar suna kawai take ganewa, ba ta san wanda ya zauna a gabanta ba."

"Ni ba ni za ka gaya wa ba, ɗan nan. Na san mijina. Ka je ka faɗa a masallaci."

Bayan sallar Juma'a ya miƙe, ya faɗi ranakun biyu da nasa sakacin. Wani manomi, Basiru, wanda gonarsa biyu suka ƙone, ya ɗauki takalmansa.

"Sabo ne ko ba Sabo ba, me za mu ci bana?"

Ranar Litinin aka sallami Zubair daga aiki. Mutum biyar ɗin kowa ya rantse ba shi ba ne, maganar ta mutu a nan. Mata kaɗan suka koma leƙa Hure. Masu hali suka sare karan suka shuka wake, amma ruwa ya ɗauke da wuri.