Yunwar Bashar a Hawa na Goma Sha Tara

Wayar Bashar ta dawo gida Tsafe kwana uku bayan an binne shi a Bungudu, inda motar hatsin da yake tuƙawa ta kife. Wani direba ne ya kawo ta cikin leda, fuskarta ta tsage daga sama har ƙasa. Matarsa Mansura ce ta karɓa. Ba ta ga gawarsa ba, domin kafin labari ya iso mata har an yi masa sutura. Abin da ya rage mata ke nan: waya, da takabar wata huɗu da kwana goma, da surukarta Inna Delu a ɗakin da ke kallon nata.

Hotuna ta shiga nema, amma Bashar ba mutumin hoto ba ne. Tayoyin mota ta tarar, da buhunan masara. Sai ta ci karo da wasan nan da suka sha faɗa a kansa. Mutum da gemunsa, tuwo yana hucewa a gabansa, shi kuwa yana can yana tura wani ɗan mitsitsin mutum cikin kogo. Ta taɓa, ya buɗe. Ga ɗan mutumin nan tsaye a bakin wata ƙofa da takobi, kafaɗunsa suna ɗagawa suna sauka, a saman kansa an rubuta Bashar. Ta yi maza ta kife wayar a kan tabarma.

Ta kira yayanta Mahadi, mai gyaran waya a Gusau. Ranar Asabar ya zo, suka zauna a tsakar gida. Da ya duba sai ya gyara zama.

"Kai! Hawa na goma sha tara! Kogon ga hawa ashirin da biyar gare shi, ƙasa aka yi. Ni shekarata guda ban wuce na takwas ba. Kin taɓa wani abu?"

"Ban taɓa ba, Yaya. So nike in kai shi ƙarshe."

Mahadi ya dube ta da tausayi. Ya ce wannan ba irin wasan da ake faɗuwa a tashi a ci gaba ba ne. Rai ɗaya ake ba mutum, in ya mutu an goge shi ke nan, shi da takobinsa da duk abin da ya tara. Kuma duk sabon shiga kogon sake fasali yake, balle a haddace hanya.

"Amma ki riƙe wanga," in ji shi. "In ba ki motsa ba, komi ba ya motsi. Ko shekara goma ya yi tsaye nan, ba abin da za ya same shi. Ki bar shi. Ki buɗe naki, ki mutu sau ɗari, sannan mu yi magana."

Ya zayyana mata sauran. Kada ta yi faɗa a tsakiyar ɗaki, ta ja baya zuwa bakin ƙofa, abokan gaba su zo mata ɗaya bayan ɗaya. Kada ta sha kwalbar da ba ta sani ba lokacin da take cikin matsi. Gudu ba abin kunya ba ne. In ta ji ranta yana yi mata sauri, ta ajiye wayar ta je ta sha ruwa.

Mansura ta buɗe nata, ta sa masa sunanta. Ɓera ne ya fara kashe ta, ɓera fa, irin wanda take kora da tsintsiya a rumbun gidansu na 'Yankuzo. Ta sake, ta taka tarko. Ta sake, ta sha wata jar kwalba, wuta ta kama ta. Wanda ya ƙirƙiro wasan nan, ko wane ne shi, ba shi da ɗigon imani. Tsakanin azahar da la'asar kaɗai takan mutu sau biyar, Inna Delu tana leƙowa tana cewa yarinyar nan ko tasbihi take ja a waya.

A hankali hannunta ya faɗa. A wata na biyu ta kai hawa na huɗu, a na uku ta leƙa na bakwai. Ta soma gane mijinta ta wata fuskar da ba ta sani ba. Mutumin da take yi wa kallon mai gaggawa, ashe ya iya tsayawa ya ƙirga taku kafin ya ɗaga ƙafa. Wannan ya ƙara mata kewarsa ƙwarai.

Kullum da hantsi, in ta gama shara, takan buɗe nasa ta dube shi kawai. Da ta iya karanta alamomin wasan ne ta lura da wani ɗan kwano ja a gefe, babu komai a ciki. Ta san shi sarai, ya sha bayyana a nata. Yunwa ce. Ta leƙa jakarsa, ba ko loma. A tsakiyar ɗakin da ke gabansa kuwa, taku huɗu daga inda yake tsaye, ga gurasa a ƙasa.

Ta kira Mahadi. Ya ce, "Bashar ya ga gurasar nan kahin ke, kuma bai ɗauka ba. Ki tambayi kanki dalili. Yunwar ba ta cin shi, Mansura, hoto na kawai."

Ta san gaskiya ya faɗa. Ta daure mako biyu. Amma akwai abin da ba ta taɓa gaya wa Mahadi ba. Ranar da Bashar ya fita, itacen girki ɗanye ne, koko bai dahu da wuri ba. Ya tsaya a bakin zaure yana kaɗa makullin mota, ya ce ta bar shi, zai karya a Bungudu. Shekara shida ba ta taɓa barin sa ya fita da cikinsa wayam ba sai ran nan. Yanzu ga shi kullum tsaye a bakin ƙofa da jan kwano, ita kuwa tana cin tuwonta sau biyu a rana.

Ranar wata Laraba da hantsi ta yi bisimilla ta matsa shi. Taku ɗaya, shiru. Na biyu, na uku, shiru. A na huɗu ya ɗauki gurasar, sai ga wasu abubuwa masu sulke guda uku sun fito daga duhun kusurwa. Ta san abin yi: ta koma bakin ƙofa, taku huɗu ne. Sai dai ta ƙirga, ta ga kafin ya kai za su cim masa, wataƙila ya tsira, wataƙila ya faɗi da gurasar a hannu. Sai ta danna alamar ci. Jan kwanon ya ɓace. Suka rufe shi.

Fuskar wayar ta yi duhu, sannan hoton kabari ya fito, da sunansa a jiki. Mansura ta zuba masa ido. Kukan da ta yi wata uku tana haɗiyewa ya ƙwace mata gaba ɗaya.

Inna Delu ta shigo da sauri, hannunta duk gari. "Lahiya? Mi ya hwaru?"

Mansura ta miƙa mata wayar, ta gaya mata komai cikin shessheƙa, har da zancen kokon da bai dahu ba. Tsohuwar ba ta iya karatun boko ba, ba ta kuma san kogo ko hawa ba. Ta daɗe tana kallon hoton, ta shafa tsagar gilashin da babban yatsa.

"Wanga rubutu sunanshi na?"

"Shi na, Inna."

Inna Delu ta zauna a bakin gado, ta jawo kan Mansura ta ɗora a cinyarta.

"To ya samu ya ci, kahin su iso mai?"

"Ya ci, Inna. Ya cinye duka."