Rabon Layi Biyu a Cibiyar Kawu Ɗayyabu

Kawuna Ɗayyabu ko ƙwai ɗaya aka ba shi ya raba wa mutum biyu, sai ya nemi ma'auni. Shekara ashirin shi ke rabon naman watanda a layinmu na Gyaɗi-Gyaɗi, ba a taɓa jin wanda ya ce tsibinsa ya fi na wani ƙashi ba. To wannan halin nasa ne ya kusa rufe mana wurin aiki.

Cibiyar rubuta jarrabawa ta kwamfuta ya buɗe a Tarauni. Kwamfuta tamanin, ma'aikata tara har da ni. Harkar haɗa kwamfutoci na karanta, shekara huɗu cur, amma aikin da Kawu ya ga ya dace da ni shi ne duba katin ɗalibai a bakin ƙofa. Abin yana cina, ba zan ɓoye ba.

Layin intanet biyu gare mu. Babban ta waya yake zuwa, ƙaramin ta eriyar da ke kan rufi, ƙarfinsa bai wuce sulusin babban ba. Duk biyun a jikin fayawol aka jona su, wani baƙin akwati da duk saƙon da zai fita daga cibiyar sai ya bi ta cikinsa, shi zai zaɓa masa layi. Da Godwin, injiniyan da ya kafa akwatin, ya tambayi yadda za a yi rabon, Kawu ko tunani bai tsaya yi ba.

"Saƙo ɗaya nan, ɗaya can. Ni ba a zalunci a wurina."

Godwin ya buɗe baki zai yi bayani, Kawu ya ɗaga masa hannu. Bawan Allah ya saita yadda aka ce, ya rubuta lambar sirri a takarda, Kawu ya ninke ta ya cusa a cikin hula. Sau uku ina ce masa wannan rabon zai ba mu kunya ranar da ɗakin ya cika. Amsar ɗaya ce kullum: "Safiyyah, koma ƙofa."

Ran wata Talata hukumar jarrabawa ta turo jami'arta, Malama Miriam, ta gwada mu. Sharaɗin ba tsawo: ɗalibai tamanin su yi awa guda a shafin hukumar ba tare da an yanke ba. In mun faɗi, sai baɗi. Cibiyar da ba ta da izini kuwa ba ta iya zaman shekara, mu tara kowa zai kama gabansa. Godwin yana Jos wurin bikin ƙanwarsa, wayarsa a kashe.

Ƙarfe goma aka fara. Minti bakwai, wata yarinya ta ɗaga hannu, ta ce an fitar da ita daga shafin. Kafin a isa wurinta hannuwa sun fi ashirin. Ni daga ƙofa na san abin da ya faru. Kowane layi da adireshinsa. Shafin hukumar yana ganin ɗalibi ya shigo ta wannan adireshi, can sai amsarsa ta gaba ta iso ta wancan, sai ya ɗauka wani ne daban yake rubuta masa, ya koro shi. Ga kuma ƙaramin layi an ɗora masa rabin kayan, ya shaƙe.

Malama Miriam ta duba agogo. "Alhaji, ƙa'ida ta ba ku damar sake farawa sau ɗaya. Kuna da minti goma sha biyar."

Kawu ya tsaya tsakiyar ɗaki, gumi har gemu. Na bar ƙofar, na je gabansa. Raina a ɓace yake, amma kawu kawu ne, sai na sassauta murya.

"Kawu, a ba ni takardar lambar sirrin nan."

"Ke, yanzu lokacin wasa ne?"

"Tambaya ɗaya. A watanda, wanda ya shiga da kaso uku, tsibi nawa kake ba shi?"

"Uku mana."

"Ka zalunci mai kaso ɗaya?"

Ya girgiza kai.

"Babban layin nan da kaso uku ya shigo, Kawu. Kai kuma ka ba shi ɗaya."

Ya dube ni kamar yau ya fara ganina. Sannan ya cire hula a gaban ɗalibai tamanin, mutumin da ko a gida ban taɓa ganin kansa ba, ya miƙo takardar.

Na zauna gaban akwatin. Abu biyu na canza. Na ce wa akwatin kowace kwamfuta, layin da ta fara fita ta kansa, ta zauna a kansa har a tashi. Sannan na raba su: sittin a babba, ashirin a ƙarami. Na gwada da kwamfuta biyu, adireshinsu ya tsaya cak. Saura minti huɗu na ce a fara.

Wallahi ban taɓa ganin awa mai tsawon wannan ba. Idona a kan allo, layin biyu suna tafiya kowa da kayan da zai iya ɗauka. Wajen minti arba'in wani ɗalibi ya ɗaga hannu, na miƙe zumbur. Ashe banɗaki zai je. Na kusa cire takalmi in jefe shi.

Da awa ta cika, ba wanda aka fitar ko ɗaya. Malama Miriam ta zagaya, ta ƙirga, ta dawo ta buga hatimi a takardar izini. Ladi mai shara ta rangaɗa guɗa daga baranda, ba wanda ya hana ta.

"Saura wuri ɗaya, Alhaji," in ji Malama Miriam. "Sunan injiniyan cibiya da sa hannunsa. Ko in bar wurin sai injiniyanku ya dawo daga tafiya?"

Kawu ya karɓi biron, ya juya shi a hannu. Ya share gumi.

"A'a, Malama, ba sai an jira kowa ba. Ga ta nan." Ya ture takardar gabana. "Injiniya, sa hannu."

Na rubuta sunana, hawaye na ɗiga, sai da na kare takardar da gefen mayafi don kada tawadar ta ɓaci.