Ɓerayen Shuɗin Keji

Shekara goma sha tara ta yi tana kula da ɗakin dabbobin gwaji, har abokan aiki suka laƙaba mata Uwar Ɓeraye. Ita ke zuba musu abinci, ta canza musu dusar katako, ta san mai cizo ta san mai lafewa a tafin hannu. Mijinta ma kan tsokane ta, wai 'ya'yanta na wurin aiki sun fi na gida gata.

Wata malama mai bincike ta zo da man shafawa na ganye, wanda marigayi mahaifinta ke haɗa wa masu rauni. Sai da ta shekara uku tana zirga-zirga kafin aka ba ta izinin gwada shi. Aka sa wa ɓeraye ashirin da huɗu maganin barci, aka yi wa kowanne ɗan rauni a baya, faɗin maɓallin riga. Rabi aka zuba a jan keji, su za a riƙa shafa wa man. Rabi a shuɗi, su kuma ba za a shafa musu komai ba.

"Inna, don Allah na shuɗin nan ko ƙamshin man kada su ji," in ji Malama. "Da su za mu gane ko maganin yana aiki."

"Na ji, 'yar nan."

A rana ta huɗu Uwar Ɓeraye ta tarar da ɗaya daga cikin na shuɗin ya takure a kusurwa, ya ƙi abinci, raunin yana tsattsafo ruwa. Ga kwalbar man a kan teburi. Ta dangwalo kaɗan ta shafa masa. To in ka yi wa ɗaya, da wane ido za ka kalli sauran? Daga ranar, kowace safiya kafin mutane su iso, sai ta bi su duka ta shafe.

Bayan mako biyu aka auna raunukan. Na ja da na shuɗi duk sun warke daidai wa daida. Farfesan da ke duba aikin ya rufe takardun ya ce babu bambanci, man bai fi a bar rauni ya warke da kansa ba.

Malama ta shigo ɗakin ɓerayen, ta kife bokiti ta zauna a kai.

"Inna, ashe Baba yaudarar kansa ya yi ta yi? Har yau fa mutane na tare ni a hanya suna yi masa addu'a." Ta goge ido da bakin mayafi. "Ke dai na gode, kin yi ɗawainiya."

Godiyar nan ta hana Uwar Ɓeraye sakat. Da ta koma gida ta kasa cin abinci, ta kwashe komai ta faɗa wa mijinta.

"Ai tausayi ne ya sa ki," ya ce. "Ki yi shiru abinki, wa ya gan ki?"

"Tausayin da ya mai da bawan Allah maƙaryaci yana kwance a kabari? Su kuma ɓerayen an yanke su a banza ke nan."

Washegari ta tsaya gaban Malama da Farfesa, ta faɗi abin da ta yi, ba ta rage komai ba. Malama ta daɗe tana kallonta.

"Inna, da bakinki kika ce kin ji."

Ta juya ta fita.

Farfesa ya karɓe makullin ɗakin, ya mai da Uwar Ɓeraye wajen famfo, wankin keji. Aka sake neman izini, ya ɗauki wata bakwai, aka kawo wasu ɓeraye ashirin da huɗu. Ranar da za a yi musu raunin ta ji ƙarar almakashi ta taga, ta san ita ta jawo musu.

Wannan karon na jan kejin sun riga na shuɗi warkewa da kwana huɗu. A bakin mai gadi ta ji labarin. Malama kan gaishe ta in sun haɗu a baranda, gaisuwa mai kyau, amma tun daga lokacin "sannu da aiki" kawai take cewa ta wuce.