Dakuwa a Hannun Baba

Ni da aka haifa a gidan da ake soya ƙuliƙuli a Bawku, ni ce Allah ya ba ɗan da gyaɗa za ta iya kashewa. Yana ɗan ƙarami muka gane. Loma ɗaya ya yi ta tuwo da miyar gyaɗa, leɓɓansa suka kumbura, numfashinsa ya koma fito, na sungume shi a guje zuwa asibiti ko ɗankwali babu a kaina. Likita ya ce wannan karon mun ci sa'a, kada mu sake gwadawa. Tun daga ranar ban ƙara kallon kwanon abinci da idon rahama ba.

Da yaro ne mai riƙe magana, da abin ya zo da sauƙi. Amma Baba, ka aike shi ya ɗauko buta, sai ka tarar da shi a bayan ɗaki yana bin layin kiyashi ya ga inda za su. Kana cikin yi masa magana idonsa ya riga ya bi tsuntsu. Madam ɗinsu ta makaranta ta gaji da kirana, har muka kai shi Tamale, wata likita ta kira abin da wani dogon sunan Turanci wanda bai rage mini komai ba. Kullum kafin ya tafi makaranta sai na riƙe kumatunsa na ce, "In an ba ka abinci me za ka ce?" Ya ce, "Da gyaɗa a ciki?" Daidai yake amsawa. Kafin ya kai bakin ƙofa kuma ya manta da jakarsa, balle tambayar.

Ga mu kuma ba masu zama ba. Ni ina sayar da hatsi a kasuwar Salaga, maigidana Mukaila yana lodin doya zuwa Kumasi, sai ya yi kwanaki ba mu ga ƙeyarsa ba. Abincin Baba ni kaɗai nake dafawa, da asuba, a tukunyarsa daban, da man ja ko man kaɗe. Haka muke lallaɓawa har ranar da ƙanena Rauf ya bugo waya daga Bawku ya ce Mma, mahaifiyarmu, ta zame a banɗaki, ƙugunta ya karye, sunana take ta kira.

Ina zan kai Baba? Gidanmu na Bawku hatta bango warin man gyaɗa yake yi, kuma garin, da rikicin da yake fama da shi a 'yan shekarun nan, ba wurin da za ka kai yaron da ba ya zama wuri ɗaya ba ne. Mukaila yana Kumasi, motarsu ko sauke kaya ba ta yi ba. Ya ce a waya, "Ki biya Yendi ki ajiye shi wurin Hajiya. Ai hanya ce."

Na ce, "Ka gaya mata zancen gyaɗar?"

Ya ce, "Na gaya mata."

"Ka gaya mata sosai?"

"Latifa, na ce na gaya mata."

To, ga inda matsalar take. Baba ɗan farina ne, kuma sunan kakansa aka sa masa, marigayi Malam, mahaifin Mukaila. A gidan malamai irin nasu na Yendi, uwa ba ta kama sunan ɗan farinta, ba ta nuna ta damu da shi a gaban surukai, ko faɗuwa ya yi sai ta kau da kai wani ya ɗaga shi. Sunan suruki kuwa ko a mafarki ba ya fita daga bakin matar ɗa. Shi ya sa muke ce masa Baba. Duk zuwan da muka taɓa yi Yendi na yini ɗaya ne, da kular abincinsa a jakata, in ciyar da shi a ɓoye a ɗakin baƙi kamar mai satar nama.

Muka iso Yendi da hantsi. Hajiya Karimatu, mahaifiyar Mukaila, tana zaune a kan buzunta a rumfar tsakar gida. Tana ganin yaron ta washe baki ta ce, "Maigida ya dawo! Ina cefanena, malalacin miji?" Baba ya faɗa jikinta, nan take ya shiga wasa da carbinta. Ni na durƙusa daga nesa na gaishe ta, ta yi mini jajen Mma, ta sa albarka.

Maganar tana bakina. Tun daga Bimbilla nake shirya ta a mota: Hajiya, yaron nan gyaɗa tana iya kashe shi. Na buɗe baki, ta ɗago ta dube ni, sai na ji kaina ina cewa, "Hajiya, ya ƙafar?" Wallahi na ji haushin kaina. Mace da nake ja-in-ja da direbobin lori a kasuwa har su ba ni haƙuri, ga ni na kasa haɗa kalma biyu a kan ran ɗana.

Sai na ja Shamima, ƙanwar Mukaila, zuwa madafa. Na ba ta garin da na zo da shi da man ja da maganinsa, na yi mata bayani dalla-dalla: ban da ƙuliƙuli, ban da yajin tsire, ban da ƙosan bakin titi don ba a san man da aka soya shi ba. Tana latsa waya tana cewa, "Anti, kar ki damu kuraa, ko kaɗan, ina nan." Na tafi tasha.

Motar da za ta bi ta Garu ba ta cika ba. Na zauna kusa da taga, rana tana dukan gefen fuskata, Rauf yana ta bugowa yana tambaya ko na taso. Duk yaron da ya wuce da abu a baki sai na bi shi da kallo. Direba ya tayar da mota ke nan wayata ta yi ƙara. Shamima ce.

"Anti, Baba ya biyo ki?"

Na ce, "Ya biyo ni ina?"

"Na shiga wanka ne kawai. Hajiya ta ce matan unguwa sun zo gaishe da takwaran Malam, da suka tafi kuma ba a gan shi ba."

Ban san lokacin da na tsallake ƙafafun mutane na diro ba. Yaron mota yana kirana in ɗauki jakata, na fizge ta na tare mai babur.

A kan babur ɗin ne abin ya faɗo mini. Ni duk tsorona yana kan tukunyar Hajiya, na manta da unguwar. Babu gidan da Malam bai karantar da wani a cikinsa ba. In takwaransa ya zo gari, kowace tsohuwa sai ta sa masa wani abu a hannu don neman albarka, kuma an hore shi tun yana rarrafe cewa ba a mayar da hannun babba. Me tsofaffin Yendi suke ajiyewa a ɗaki don yara? Ƙuliƙuli da dakuwa da soyayyar gyaɗa.

Na tarar da Shamima a ƙofar gida tana kuka, Hajiya a tsaye da sandarta tana cewa, "Ku kwantar da hankalinku, ina zai je? Duk gidan da ya shiga gidansa ne, sai dai ya dawo da ciki a cike." Wannan maganar ce ta ƙarasa ni. Na yar da jaka na shiga lungu.

Gida-gida nake faɗawa ko sallamar kirki babu. A gidan farko aka ce ya sha fura ya wuce. Na ce da me aka dama? Suka dube ni kamar mahaukaciya. A gida na gaba wata tsohuwa mai suna Zaliha ta fito tana murna, ta ce, "Malam ƙarami? Yanzu ya fita. Na ba shi dakuwa mai kyau paa, ta gaske, da hannuna na daka."

Ban tsaya jin sauran ba. Ina gudu ina kiran Baba, Baba, muryata tana dawo mini. Na san ɗana. In abu ya ɗauke masa hankali, ko a kunnensa kake kiran Baba ba zai ji ba, don sunan ya zame masa kamar ƙarar fanka. Sunansa na yanka, wanda madam take kira a aji in ta fusata, shi kaɗai yake sa ya zabura. Na fito bakin titi kusa da masallacin Malam, ga dattawa a zaune a inuwa suna jiran azahar, ga Hajiya ta biyo ni tana dogara sanda. Na cika ƙirjina da iska.

"Gariba! Gariba!"

Dattawan suka juyo gaba ɗaya. Wani ya ce subhanallahi. Ni kuwa na ƙara ɗaga murya, har maƙogwarona ya yi zafi.

Can tsallaken titi, a rumfar wani fita mai gyaran babura, wani ɗan kai ya ɗago. Yana tsugune gaban tayar da aka ɗaga ana juyawa, ya ƙura mata ido. Na tsallaka ban duba mota ba. Dakuwar tana cikin tafinsa na dama, ya damƙe ta har ta narke tana fitowa ta tsakanin yatsunsa. Bayan hannun ya yi jajur da ƙuraje. Daidai lokacin ya ɗaga shi zai share hanci, na cafke wuyan hannun.

"Ka ci?"

Ya ce, "Mma, kin ga tayar nan in ta yi sauri sai ƙarafunanta su ɓace?"

"Baba, dube ni. Ka sa a baki?"

Ya dubi dakuwar kamar yau ya fara ganinta. Ya yi iya ƙoƙarinsa, na ga yana nema a kansa. Sannan ya ce, "Ban tuna ba."

Fitan ya ce, "Madam, tun da ya zo ni ban gan shi ya ci komai ba, taya kawai shi ke kallo." Amma kafin ya zo fa? Gefen dakuwar a gutsure yake, ko haƙori ne ko matsi, Allah kaɗai ya sani. Fitan ya zuba mana ruwa na wanke hannun da sabulunsa, ya ɗora mu a babur ɗinsa sai asibiti.

Aka yi masa allura, aka ce mu zauna a ga abin da jikinsa zai yi. Na zauna a benci na ɗora shi a cinya, idona a kan leɓɓansa, kunnena a ƙirjinsa. In ya yi tari sai na leƙa bakinsa. Shi kuwa yana ta mutsu-mutsu yana son ya sauka ya ga abin da ke cikin bokitin shara. Rauf ya bugo, na ce masa ya gaya wa Mma sai gobe zan iso.

Sai ga Hajiya ta shigo, Shamima tana riƙe da ita. Na yunƙura zan sauke yaron daga cinyata, don ban taɓa riƙe shi a gabanta ba. Ta ce, "Bar shi a nan." Ta zauna a ƙarshen bencin tana haki. Ta kama hannun Baba ta juya shi, ta daɗe tana kallon ƙurajen.

Ta ce, "Abin da nas ɗin nan ta gaya mini a ƙofa gaskiya ne? Yana iya mutuwa?"

Na ce, "Gaskiya ne, Hajiya."

"Mukaila ce mini ya yi yaron ba ya son gyaɗa. Ba ya so. Na ce a raina shagwaɓar 'ya'yan zamani ce, kwana biyu a hannuna zai koya." Ta ɗago ta dube ni. "Na jiƙa gyaɗar miyar dare, Latifatu. Tana nan a ƙwarya. Niyyata in sa masa kaɗan ban gaya wa kowa ba."

Ashe shi ma Mukaila kunyar ɗan farin ce ta kama shi, ya rage maganar har ta zama ba komai. Mu biyu, uwa da uba, kowa ya kare mutuncinsa a gaban tsohuwa ya bar yaron da tambayar da ba zai tuna ba.

Hajiya ta ce, "Kin durƙusa a gabana da safe kina tambayar ƙafata. Kika je kika gaya wa wannan da ko shinkafa ba ta iya tsamewa. Ni kuma kika bar ni in kashe shi da hannuna."

Na ce, "Kunya ce, Hajiya."

Ta ce, "Na ga kunyar ai, a bakin masallaci." Ban san ko faɗa ne ko tsiya ba, ban kuma ɗago na duba ba. Ta buga sandarta a ƙasa. "To, tunda bakin ya buɗe, kada ki rufe shi. Gaya mini abin da ɗanki yake ci da abin da ba ya ci. Da la'asar zan bi gidajen nan da ƙafar da kike tambaya, in gaya musu duk mai neman albarkar Malam ya nema da lemo."

Na fara lissafa mata. Ina cikin zancen man suya Baba ya yi wani tari mai ƙarfi. Ni da Hajiya muka kai hannu bakinsa a tare, yatsunta a kan nawa, muka buɗe leɓɓansa muna leƙawa. Ba su kumbura ba. Ya ture hannayenmu ya ce yunwa yake ji.

Hajiya ta zura hannu a lalitarta yadda ta saba yi wa kowane jika, ta ciro wani abu a ƙulle cikin leda. Har ta miƙa, sai ta tsaya. Ta juyo da shi wajena.

Ta ce, "Duba mini tukuna."