Layin da Ya Karkace a Atamfar Hajiya Sailuba

Hajiya Sailuba da kanta ta mayar wa Alhaji Kailu turamen atamfarsa, ba ta aiki kowa ba. Tun tana budurwa take sayar da atamfa a kasuwar Adjamé, kuma a wurinsa take sarin kaya.

"Alhaji, wannan bugun ya lalace," ta ce, tana warware turmi ɗaya a kan teburinsa. "Dubi layukan nan, sun karkace kamar sawun maciji. Ankon biki ne fa, mata za su jeru a hoto. So kake a yi da ni a kasuwa?"

Zanen gida-gida ne, shuɗi da fari. Alhaji Kailu ya ɗora sandar awo a kan layin, layi ya bi sanda sak.

"Hajiya, layi kam a miƙe yake. Ko za ki rufe ido ɗaya ki sake dubawa?"

Ta rufe na dama, layuka suka miƙe. Ta rufe na hagu, suka lanƙwashe, ga wani duhu a tsakiya kamar tabon mai. Ta naɗe kayanta ta koma rumfa.

Washegari ɗanta Hadi, da ya ji labari, ya zo mata da tabarau da ya saya a bakin tashar mota.

"Maman, hasken waya ne. Kullum kina aika wa mata hotunan atamfa. Wannan yana tare shuɗin hasken. Ki sa shi ki huta a gida, ça va aller, komai zai daidaita. Kamila za ta riƙe rumfa."

Kamila matarsa ce. Hajiya ta sa tabarau ɗin, ta rufe idon hagu, ta dubi atamfar. Layukan na nan a karkace.

"Wanda ya sayar maka, ya duba idona?"

"A'a, amma kowa na sawa."

"To ni ba kowa ba ce. Rumfa kuwa, ranar da yatsuna suka kasa bambance atamfar ƙwarai da ta kwaikwayo, ka zo ka karɓi makulli. Tare mana mota, Treichville za mu, wurin likitan ido."

Suka haye gada, Hadi na ta ƙunƙuni. Likitar mace ce mai magana a hankali. Ta ɗiga wa Hajiya magani, ta haska idon, sannan ta ɗauki hoton cikinsa.

"Hajiya, shekaru ne suka taɓa tsakiyar bayan idonki na dama, wurin da ake ganin fuska da ƙananan zane. Ruwa ya fara taruwa a wurin. Tabarau irin wannan ba a tabbatar yana hana ciwon ba, balle ya warkar. Da kin zauna gida kina jira, da tsakiyar ganin ta tafi. Za mu riƙa yi miki allura a idon don mu tsayar da shi."

Hadi ya zabura. "Allura a ido? Maman!"

"Ni na haife ka da ƙaton kan nan naka, allura ce za ta ba ni tsoro? Likita, yaushe za mu fara?"

Likitar ta ce kowace safiya ta riƙa gwada idanun ɗaya bayan ɗaya a kan layuka masu gida-gida, in ta ga canji ta zo a ranar. Hajiya ta zaro atamfar daga jaka. Likitar ta yi dariya, ta ce ta riƙa haɗawa da takardar gwajin da za ta ba ta.

An kai wa matan biki ankonsu. Hajiya ta sari wani turmi na zanen, ta yanki yadi ɗaya ta rataye a ginshiƙin rumfa. Kowace safiya, kafin ta baza kaya, sai ta tsaya gabansa ta rufe ido ɗaya, sannan ɗayan. Na dama bai miƙe duka ba, amma duhun bai ƙaru ba. Na hagu garau.

Wata safiya Hadi ya biyo ya same ta tana gwajin.

"Maman, tabarau ɗin fa?"

"Kai wa Kamila ta yi ado da shi. Matsa daga ƙofa, ka tare mini masu saye."